Abu Raihan Albiruni, mutumin da ya nemi alƙibla da awo da lissafi

Da aka ce in kawo tarihin wani magabaci a cikin wanga ɗan littafi, abin da ya fara faɗo mini shi ne wani debuwar na lissafi da na ci 6 bisa 20 a ajin tarminal. Darasin kuwa shi ne wannan na x, y da z, inda mushe ke zana layuka uku a allo ya ce mu ɗauka na ukun ya fito waje yana nuna mu. Ni dai ban ga abin da ya fito ba. Na riƙa tambayar kaina wane ne ya taɓa buƙatar wannan wahala a rayuwarsa. Sai da na shiga jami'a na gamu da labarin mutumin da ya buƙace ta, shekara dubu da suka wuce, kuma bai same ta ba, domin ba a ƙirƙiro ta ba tukuna.

Sunansa Muhammadu ɗan Ahmadu, ana yi masa alkunya da Abu Raihan. An haife shi a shekara ta 973, wato 362 bayan Hijira, a gefen birnin Kat da ke ƙasar Hawarizm, bakin kogin Amu Darya, kudu da tekun Aral. Yau wurin yana cikin Uzbekistan, kuma garin da ke can sunansa aka sa masa. Kalmar birun a Farisanci tana nufin waje, don haka Albiruni kamar ka ce ɗan bayan gari ne, wanda ba a cikin ganuwa aka haife shi ba. Allah ya haɗa shi tun yana yaro da Abu Nasar Mansur, wani ɗan gidan sarautar Kat wanda shi kansa gwanin lissafi da ilimin taurari ne. A hannunsa ya yi karatu.

Yana da shekara 17, kusan shekarun da yawa daga cikinku, ya auna latitid ɗin garinsu, wato yawan digirin da garin ya yi arewa da layin ekwata. Kayan aikinsa wani zobe ne da aka tsaga ma alamomi rabin digiri, rabin digiri. Dabarar ba ta da wuyar faɗi. Ka jira rana ta kai tsaka, ka auna kusurwar da ta ɗaga bisa ƙasa, ka duba a jadawali inda rana take a sararin sama a wannan yini na shekara, sai ka yi ɗebewa. Lamba ɗaya ke nan daga cikin biyun da ke nuna mazaunin gari a doron duniya. Ta biyun, lonjitid, wadda ke faɗin yadda gari ya yi gabas ko yamma, ita ce ta ci masa fiye da shekara talatin.

Tun yana saurayi ya gane cewa takarda shimfiɗaɗɗiya tana yi ma duniya ƙarya. Saboda haka ya ƙera rabin ƙwallo mai faɗin zira'i 10, kamar wata ƙatuwar ƙwarya da aka kife, yana zana garuruwa a kanta yana auna tsakaninsu. Ka tsaya ka kwatanta girman abin: ya fi ɗakin kwanan da yawanmu faɗi. Bai daɗe yana morar ta ba. A 995 sarkin Jurjaniya, birnin da ke ƙetaren kogi, ya ci Kat da yaƙi, gidan sarautar da ke riƙe da Albiruni ya faɗi, shi kuma ya gudu ya bar kayan awonsa.

Ya sauka a Rayyi, kusa da Tehran ta yanzu, ba kuɗɗi ba majiɓinci. Shi da kansa ya ba da labarin wani mai duban taurari a can da ya raina ra'ayinsa a kan wata mas'ala don kawai ya gan shi a tsiyace, kuma ya dawo yana girmama shi bayan hali ya gyaru. Amma a Rayyi ɗin ya sadu da Alhujandi, wanda ya gina wani makeken ma'aunin rana a bayan gari, ya dube shi da kyau, ya rubuta bayaninsa.

Ga abin da ya fi burge ni a ƙuruciyarsa. Ranar 24 ga watan Mayu na 997 wata ya yi husufi, irin daren da a garuruwanmu yara ke fita da gwangwani suna cewa rana ta kama wata. Albiruni ya riga ya koma Kat. Tun kafin ranar ya shirya ta wasiƙa da Abul Wafa Albuzjani, wani tsohon malamin lissafi a Bagadaza, cewa kowannensu zai duba husufin ya rubuta lokacin garinsu. Me ya sa? Domin inuwar duniya tana hawa wata a lokaci guda ga duk mai kallo, amma agogon rana na kowane gari daban yake. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, ke nan digiri 15 a kowace awa. Da suka gwada abin da suka rubuta, sai suka tarar da bambancin kusan awa ɗaya, ma'ana Kat tana gabas da Bagadaza da wajen digiri 15. Taswirar yau tana ba da 16 da ɗan kai. Saurayi mai shekara 23 da dattijon da ya kusa sittin, tafiyar makonni tsakaninsu, ba salula ba agogon hannu, suka mai da wata allonsu na tarayya.

Shekarun da suka biyo zan bi su da sauri. Ya zauna a fadar Ƙabus, sarkin Jurjan, inda wajen shekara ta 1000 ya rubuta Al'asarul Baƙiya, littafi kan kalandun al'ummomi da bukukuwansu. Ya yi musayar wasiƙu da Ibn Sina, wanda Albiruni ya girma da ƴan shekaru, suna gardama kan zafi da haske da motsin sammai, kuma gardamar ba ta rasa yaji ba. Daga baya ya koma gida ya yi ma sarkin Jurjaniya hidima, har yana shiga tsakani a rigingimun fada. A 1017 sojoji suka kashe wannan sarki, sai surukinsa, Sarki Mahmudu na Gazna, ya zo da runduna ya ci ƙasar. Cikin abin da ya kwasa zuwa Gazna, a Afganistan ta yau, har da malamai. Albiruni yana cikinsu, yana da shekara 44. Ba a ɗaure yake ba, amma kuma ba shi da ikon cewa zai koma gida.

Shekara ɗaya bayan haka muna ganinsa a wani ƙauye kusa da Kabul, cikin baƙin ciki da ƙunci, ba ko kayan awo guda a hannunsa. Ya ɗauki allon da yake lissafi a kai, ya juya bayansa, ya zana rubu'in da'ira ya tsaga mata digiri, ya rataya zare da ɗan nauyi a ƙarshensa, irin wanda magina ke gwada tsayuwar bango da shi. Da wannan ya auna tsayin rana ya fitar da latitid ɗin wurin.

Mahmudu ya yi ta kai hari Indiya shekara bayan shekara, kuma ta wannan hanya Albiruni ya shiga ƙasar. Ya koyi Sanskirit, harshen malamansu, bayan ya wuce arba'in, ya zauna da su, ya rubuta babban littafinsa kan Indiya wajen 1030. A ciki bai ɓoye cewa yaƙe-yaƙen ubangidansa sun lalata arzikin ƙasar sun kuma shuka ƙiyayya ba. Amma abin da ya shafe mu a nan ya faru ne a Nandana, wata ganuwa bisa tsauni a yankin Panjab, cikin Pakistan ta yanzu. Daga kan tsaunin fili ne shimfiɗe har iyakar gani. Ya fara auna tsayin tsaunin, ya samu zira'i 652 da ɗan ɗori. Sannan ya hau, ya auna yadda idonsa ke sunkuyawa ƙasa kafin ya kai inda sama ta haɗu da ƙasa. Ya samu minti 34 na kusurwa, wato rabin digiri da ɗan kaɗan, tunda minti 60 ke cikin digiri ɗaya.

Ɗauki kaye ka zana. Da'ira ce duniya, ɗan tsinke a kanta shi ne tsauni. Layin ganinka ya tashi daga kan tsinken ya shafi da'irar a wuri ɗaya tak, kuma a wannan wuri ya yi kusurwa ta digiri 90 da layin da ya fito daga tsakiyar duniya. Ka sami alwatika mai kusurwa madaidaiciya. Idan R ne nisan tsakiyar duniya zuwa doronta, h kuma tsayin tsauni, to kosinis na kusurwar da ka auna daidai yake da R bisa R + h. Abu ɗaya ne ba ka sani ba a ciki, kuma ɗan ajin sagwand zai iya fitar da shi. Albiruni ya samu ɗan ƙasa da zira'i miliyan 13.

Za ku ga ana yawo da wannan labari a Facebook ana cewa ya dace da awon zamani kusan ɗari bisa ɗari. Ni ina ganin wannan yabo ya rage masa daraja. Gwada da na'urarka: sa minti 35 a madadin 34, za ka ga amsar ta sauka da kusan kashi 6 cikin 100, wanda a girman duniya ya haura kilomita 350. Ga kuma iska da ke lanƙwasa haske a bakin sama. Shi kansa ya san kayan aikinsa ƙanana ne. Da ya ga lambarsa ta yi kusa da wadda masanan Halifa Ma'amun suka samu a hamadar Sinjar shekara kusan 200 kafinsa, sai ya ɗauki tasu ya ci gaba da aiki da ita, bisa hujjar cewa kayan awonsu sun fi nasa. Wannan halin ya fi mini dacewar lamba.

Duk waɗannan awo wuri guda suka nufa. A 1025 ya gama littafin da ake taƙaita sunansa da Tahdidul Amakin, kuma tambayar da ya sa a gaba ita ce: mutumin da ya tsaya salla a Gazna, ina zai fuskanta? Gazna a lokacin babban birni ne da dukiyar ganima ke kwarara cikinsa, ana ta gine-gine. Don a amsa tambayar ana buƙatar lambobi uku: latitid ɗin Makka, latitid ɗin Gazna, da bambancin lonjitid tsakaninsu. Biyun farko rana tana bayarwa. Ta ukun ce matsala. An riga an san tsakanin Makka da Bagadaza tun zamanin Ma'amun, saura Bagadaza zuwa Gazna, kuma ba kullum ake samun husufi da amintaccen abokin kallo a ɗaya gefen ba.

Sai ya koma ga fatake. Ayari sun san yawan zangon da ke tsakanin gari da gari. Ya karɓi wannan nisa, ya rage wani kaso saboda kwane-kwanen hanya da hawa da gangara, kamar yadda kowa ya san titin Maraɗi zuwa Damagaram ya fi tafiyar tsuntsu tsawo. Sannan ya yi abin da nake so ku lura da shi. Ɗauki gari biyu, A da B. Ƙara wasu ɗigo biyu: ɗaya mai latitid ɗin A da lonjitid ɗin B, ɗaya mai latitid ɗin B da lonjitid ɗin A. Waɗannan ɗigo huɗu, ko da yake a bayan ƙwallo suke, suna kwance a shimfiɗa ɗaya, kamar ka yanka lemu da wuƙa ka bi ta kansu duka. Layukan da suka haɗa su ba a kan ƙasa suke bi ba, ta cikinta suke ratsawa. Suna ba da siffa mai gefe huɗu da ke cikin da'ira, kuma akwai tsohuwar ƙa'idar Batlamus da ke haɗa tsawon gefunan irin wannan siffa da na layukan da suka gicciye ta. Daga nan bambancin lonjitid ke fita. In kun taɓa cin karo da tambayar bak da ke cewa a nuna ɗigo huɗu suna shimfiɗa ɗaya, to ga inda take da amfani.

Haka ya bi, zango zango: Bagadaza zuwa Rayyi, Rayyi zuwa Jurjaniya, daga nan Balhu, sannan Gazna. Bai yarda da hanya ɗaya ba, ya sake lissafin ta kudu, ta Shiraz, don ya gwada. A ƙarshe ya tsaya kan digiri 24 da minti 20. Kuskurensa bisa awon yau bai kai sulusin digiri ba. Da wannan lamba ya fitar da alƙiblar Gazna ta hanyoyi daban-daban, har da mai sauƙi wadda magini zai iya zanawa a ƙasa.

Kada wani ya ce muku shi ya ƙirƙiro x, y da z. Bai yi ba. Sai a 1637 Dekart, Bafaranshe, ya buga littafin da ya aura aljabara da zane, kuma kibiyoyin da muke kira bektar sun zo ne a ƙarni na 19, daga aikin Hamilton da Girasman a shekarun 1840, sannan Gibs da Hebisaid suka gyara su zuwa siffar da ke cikin littattafanmu. Albiruni da zantuka yake lissafi, shafi bayan shafi, da lambobi masu tushen 60. Abin da ya ci masa babi guda, kai da ke tarminal za ka yi shi a rabin shafi. Bari mu yi na Maraɗi tare.

Sa mafarin layukanka uku a tsakiyar duniya. Layin z ya nufi ƙuryar arewa, layin x ya fita ta inda ekwata ta haɗu da lonjitid sifiri, can cikin teku kudu da Gana, layin y kuma ya fita ta digiri 90 gabas. Ɗauki R a matsayin 1. Kowane gari yanzu kibiya ce daga tsakiya: x shi ne kosinis na latitid sau kosinis na lonjitid, y kosinis na latitid sau sinis na lonjitid, z kuwa sinis na latitid. Maraɗi tana wajen digiri 13,5 arewa da 7,1 gabas, sai ta ba da (0,965, 0,120, 0,233). Makka tana 21,4 arewa da 39,8 gabas, ta ba da (0,715, 0,596, 0,365). Yanzu yi ninkin nan da ke mai da kibiya biyu lamba guda, wanda a aji muke ce ma furodiwi sikalar: x sau x, y sau y, z sau z, ka tara. Za ka samu 0,847. Wannan kosinis ne na kusurwar da ke tsakanin garuruwan biyu in an duba daga tsakiyar duniya, kusan digiri 32. Kowane digiri kilomita 111 ne da ɗan kai, ke nan wajen kilomita 3 570.

Ga abin da ya sa na ce takarda tana ƙarya. Kibiyar da ta tashi daga ƙafarka a Maraɗi ta nufi Ka'aba kai tsaye ba ta bin sararin da kake gani. Tana nutsewa cikin ƙasa da digiri 16, kuma a tsakiyar tafiyarta tana ƙarƙashin ƙasa da kusan kilomita 250. Abin da kake nema a kan tabarma shi ne inuwar wannan kibiya a daɓen da kake tsaye. Don ka same ta, kana buƙatar kibiya biyu da ke kwance a daɓen. Mai nuna gabas a Maraɗi ita ce (−0,124, 0,992, 0), mai nuna arewa kuma (−0,232, −0,029, 0,972). Ninka kowace da kibiyar Makka kamar ɗazu. Gabas ta ba da 0,503, arewa ta ba da 0,172. Raba ta biyu da ta farko, ka nemi kusurwar da ke da wannan tanjant: digiri 19. Ka fuskanci gabas sak, ka karkata hagu da digiri 19.

Da a ce ka shimfiɗa lambobin a takarda kawai, digiri 7,9 arewa da 32,7 gabas, da 14 za ka samu, ka yi kuskuren digiri 5. Mu da muka saba kiran alƙibla gabas, har mu ce wane ya ba gabas baya, yana da kyau mu san gabas ɗin tamu tana da ɗan kwana. Hukuncin wanda ya karkace kaɗan yana nesa da Makka na bar ma malamanmu na fiƙihu, su ke da wannan fage. Ƴan Tawa, ku sa 14,9 da 5,3 ku gwada, ya kamata ku faɗo kusa da 16. Ƴan Yamai, naku 13,5 ne da 2,1, kuma ba zan faɗa muku amsar ba. Ku lura dai cewa lambobi huɗun da muka fara da su kyauta muka same su. Su ne abin da shi ya bi husufi da tsauni da zangon fatake yana nema.

Bayan rasuwar Mahmudu a 1030, ɗansa Mas'udu ya kyautata masa, shi kuma ya sa sunan sarkin a babban littafinsa na ilimin taurari, Alƙanunul Mas'udi, wanda ke ɗauke da jadawalin latitid da lonjitid na wurare kusan 600. Ana ba da labarin cewa sarkin ya aiko masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali. Kafin wannan ya rubuta Attafhim, littafin koyarwa cikin tambaya da amsa da ya fara daga ma'anar ɗigo da layi, kuma wata mace mai suna Raihana ya rubuta ma shi. Ya auna nauyin ƙarafa da duwatsu masu daraja ta hanyar ruwan da suke turewa. Littattafansa sun haura 100, waɗanda suka iso gare mu ashirin ne da ƴan kai. Na ƙarshe kan magunguna ne, ya yi shi da taimakon wani, lokacin da ido da kunne suka raunana.

Ya rasu a Gazna wajen shekara ta 1050. Yaƙutul Hamawi ya kawo labarin wani malamin fiƙihu da ya je gaishe shi yana kan gargara. Albiruni ya tambaye shi wata mas'ala ta rabon gadon kakanni mata da suka taɓa tattaunawa. Malamin ya ji nauyin a yi wannan magana a irin wannan hali, amma mara lafiyan ya nace cewa ya fi son ya tafi da saninta. Malamin ya maimaita masa, ya riƙe, suka yi sallama. Bai yi nisa a hanya ba ya jiyo kuka daga gidan.